Tafintan Gwaggo da Doguwar Sifika

Daga bakin Gwaggo na fara jin sunan. Ina ƙarama aka aike ni gidanta, na tarar da ita gaban talabijin tana ƙwala kira: "Tafinta! Yi sauri, sun fara magana!" Na zaci wani ma'aikacin kotu ne zai shigo riƙe da jaka. Sai ga mijinta ya fito daga ɗakin aikinsa, ƙananan ƙusoshi a baki, ɓurɓushin soso a gashin kai.

Ɗinkin kujeru ne sana'arsa, tun yana saurayi. Gajeren mutum ne, mara yawan magana a cikin mutane, irin wanda in ya je gidan wani sai ya danna kujera da babban yatsa kafin ya zauna. Ita kuwa Gwaggo doguwa ce, ta yi shekaru tana riƙe da injin niƙa a bakin kasuwa. Injin ya ciyar da yara, ya kai su makaranta, ya kuma cinye mata kunnen hagu ƙurmus, na dama ya rage saura. Tana jin kiɗa da bugun ƙofa, amma maganar 'yan fim sai ta zo mata kamar daga cikin tulu. Ga ta da son fim kamar me.

Don haka ya ɗinka musu kujera mai cin mutum biyu, ya ƙara wa gefen dama soso ya yi tudu, yadda in ya zauna bakinsa zai zo daidai kunnenta. Duk ranar Asabar da yamma can za ka same su, 'yan fim na faɗa, shi yana maimaita mata.

Da farko abin da aka faɗa shi yake faɗa. To amma mai maimaita magana dole wata ta wuce shi, shi kuma hannunsa bai saba barin rami a kujera ba, inda ya ga giɓi sai ya cusa. Da tafiya ta yi tafiya, cushen ya fi katakon yawa. Yaran gidan sun sani sarai. Sukan toshe baki su zame waje, su yi dariyarsu a bayan ƙofa.

Ana nan sai babban ɗansu ya zo da shawara. Ya ce akwai wata doguwar sifika da ake kwantarwa ƙarƙashin talabijin, tana fito da murya tar. "Mama ta ji da kunnenta, kai ma Baba ka huta."

Tafinta ya ce to, amma a baki kawai. Bai ce yana son hutu ba. In kunnen nan ya sami wani mai ba shi labari, wa zai sake kiransa daga ɗakin aiki? Da ya rasa hanyar hanawa, sai ya ce shi ma za shi shagon, kada a cuce su.

Shagon a saman bene yake, bango duk talabijin, kowacce tana nuna tsuntsu guda yana shawagi. Mai shago ya tambayi faɗin falonsu da inda kujera take, sannan ya zaunar da su. Tafinta ya danna kujerar ya ce, "Ɗana, sosonka ya mutu."

"Baba, ai sauti muke sayarwa."

"Na ga alama."

Ta farko da aka kunna tana da wufa, wani ƙaton akwati mai duma. Jirgin sama ya wuce a fim, ƙasa ta girgiza, gilashin taga ya hau rawa. Wani ya buɗe baki a talabijin, ko shi Tafinta bai ji me ya ce ba. Nan take fuskarsa ta washe.

"Wannan ita ce! A ɗaure mana ita."

Gwaggo ta kalle shi sheƙeƙe. "Malam, rabin rayuwata na yi cikin wannan rugugin. Yanzu kuma ku sayo min inji ku ajiye a falo?"

Aka kunna ta biyu, 'yar ƙarama, murya ta fito kamar ana magana cikin gwangwani. Tafinta ya ce ita ma ba laifi. Ɗansu ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe.

Ta ukun siririya ce, ba ta da wani kwarjini. Mai shago ya ce a tsakiyarta akwai sifika guda da ba ta da aiki sai maganar mutane, ga kuma ƙanana biyu da ake ajiyewa bayan kujera, ruwan sama da takun ƙafa su riƙa zuwa ta can. A jikin rimot akwai maɓallin da ke ɗaga murya sama da kiɗa. Tafinta ya ce tsayinta ya yi yawa, launinta bai dace da labule ba, kuma irin waɗannan siraran ba su da ƙarko. Gwaggo kuwa ta kwance bakin gyale ta ciro filashin da take adana finafinanta a ciki.

"Sa min nawa. Ba zan zaɓa da fim ɗin da ban sani ba."

Fim ɗin da ta fi so ne, ta kalle shi har ba adadi. Akwai wurin da wani mutum ke tsaye cikin ruwan sama, yana magana da matarsa ta tagar mota. Duk sanda aka zo wurin, Tafinta kan raɗa mata cewa mutumin ya ce: ko ruwan nan zai narkar da ni, ba zan gusa ba sai kin yi min murmushi. Ita kuma ta share hawaye.

Mai shago ya danna maɓallin. Ruwa ya kece ta bayansu har Gwaggo ta waiga. Sai murya ta fito garau: "Kin tafi da makullin shago. Miƙo min, ina sauri."

Gwaggo ta ce, "Mayar baya."

Aka mayar. Makullin dai ne.

Tafinta ya duƙufa yana binciken ɗinkin hannun kujera kamar an ba shi kwangilarta. Ɗansu ya juya yana kallon tsuntsu. Can sai kafaɗun Gwaggo suka fara motsi, ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Makulli! Shekara da shekaru ina zubar da hawaye a kan makulli!" Ta dafa gwiwarsa. "To shi wanda ruwa zai narkar ɗin, daga ina ya fito?"

"Ai wurin ne ya yi rami," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ku ji min mutum! Bai taɓa ce min ko girkina ya yi daɗi ba, ashe yana da baki haka." Ta juya wajen mai shago tana goge ido. "Ita nake so. Ɗaure."

Tafinta ne ya ɗauko kwalin a kafaɗa har mota, shi ya kafa mata 'yar kanta ƙarƙashin talabijin, ya goge ta tas. Amma da Asabar ta zo, bai fito falo ba. Yana ɗakin aiki yana buga ƙusa a jikin kujerar da ya gama tun jiya, kunnensa na can. Yana jiyo 'yan fim suna ta zuba, ba wanda ya neme shi.

Sai inuwa ta tare masa ƙofa. Gwaggo ce, rimot a hannu.

"Na ji su," ta ce. "Duk abin da suke faɗa na ji. Wallahi hirar masu jiran mota ta fi tasu gishiri. Ajiye gudumar nan."

"Ai kin sami sabon tafinta."

"Wancan gaskiya kawai ya iya. Taso."

Tun daga ranar tsarin ya canza. Ta ji nasu, ta dakatar da fim, ta ce, "To kai me ya ce?" Ya faɗi nasa, ta yanke hukunci. Wani lokaci ta ba 'yan fim gaskiya don ta ga ya ɓata rai, ya yi ta ƙunƙuni cewa alƙaliyar ta karɓi toshiya.

Bayan wasu makonni aka sa ni in tattara wayoyin da jikoki ke tuntuɓe da su. Ina durƙushe bayan kujera ina gyara ƙaramar sifikar dama, wadda ke kusa da mazaunin Gwaggo, sai Tafinta ya leƙo ya ga ta shiga kicin. Ya rage murya ya ce, "'Yata, don Allah ki ɗan matsar da wannan can saman kabad. Ta hagun ki bar ta inda take. Wannan kunnen dai yana da mai shi."