Kwana Biyun Pak Darmo

Shekara ashirin da shida Bu Sulastri, wato Uwargida Sulastri, ta yi a wata masana'antar takalma da ke garin Sidoarjo, kullum waya na manne a kunnenta. Ita ke haɗa masu kawo fata, masu kwali da masu manyan motoci. Ta san wanda in ya ce gobe, jibi yake nufi.

Sai masu kamfanin suka ɗauko wani matashin injiniya, Mas Hendro, wato Yaya Hendro, ya gina musu tsari a kwamfuta. Duk kamfanin da suke hulɗa da shi aka yi masa wakili a ciki, mai ciniki da yanke shawara irin na mai shi, don a gano inda aiki ke maƙalewa.

"Bu, ke kika san halinsu," in ji Hendro. "Ki faɗa min, ni kuma in koya wa kwamfutar."

"Oh, yau ni ce malamar kwamfuta!" ta ce tana dariya.

Daɗi ya kama ta, don ba a taɓa zama a tambaye ta abin da ta sani ba. Kwana tara tana zuba. Da aka zo kan Pak Darmo, wato Baba Darmo, mai ƙaramar masana'antar kwali, ta ce, "Wannan tsohon? Ƙara kwana biyu a kan duk alkawarinsa. Injinsa ya girme ka."

Hendro ya rubuta. Ba ta ba shi labarin shekarar ambaliya ba, lokacin da manyan kamfanoni suka daina ɗaga waya, Darmo da ma'aikatansa suka ratso ruwa da kwalaye a ka. Ba a tambaya ba, ita ma bai zo mata ba.

Aka gwada tsarin sau dubu, kullum wakilin Darmo ke jawo jinkiri. Aka ce a rabu da shi. Ta ruga wurin manaja.

"Pak, mutumin nan ya taɓa fitar da mu kunya."

"Bu, ai daga bakinki bayanan suka fito."

Ita aka sa ta sanar da Darmo a waya. Ya ce, "Ba komai, Bu Sulastri. Yaya ciwon gwiwar?"

Kafin shekara ta zagayo ya sallami mutum goma sha huɗu, ya sayar da injin, ya koma ƙauyensu kusa da garin Madiun. Ita ta ƙara shekara uku ta yi ritaya. Lambarsa na nan a wayarta. Sau biyu ta danna, ta kashe kafin ta shiga.