Sirinjin Shanu a Rumfar Baba Sani

Ina wata ruga bayan Kambaza ina yi wa shanu allura aka kira ni a waya, aka ce Baba Sani mai gyaran keke ya rasu bayan sallar asuba. Sai da na zauna a ƙasa.

Duk Gwandu an san alfaharinsa guda ne. Yakan ce, "Keke bai taɓa hita rumfata da ciwo nai ba." Ni na kusa ɓata masa wannan suna. Na sayo keken gwanjo a Kalgo, irin na hawan tsauni, marar nauyi, mai birkin faifai wanda man birki ke matsawa ta siririn bututu. Wata biyu birkin ya saki, in ka matsa sai ka ji kamar ka taɓa auduga. Masu gyara suka ce a cire a sa na waya, sai na kai wa Baba Sani. Mazauna rumfar suka yi ta tsokanarsa, wai keken zamani ya fi ƙarfin tsoho.

Kwana uku yana juya keken. Rana ta huɗu ya ce, "Likitan shanu, iska ce ta shiga bututun. Ara mini sirinjinka." Wani ya miƙo man birkin mota, ya ture shi. "Wanga cinye roba shikai." Sai da ya aika Birnin Kebbi aka kawo man da ya dace. Ya tura shi da sirinjin a hankali, kumfa tana fita, har birkin ya yi tauri. Sannan dattijon ya tattare riga ya hau, ya taho da gudu, ya ci birki daidai ƙafar wanda ya fi kowa tsokanarsa. Ban taɓa ganin farin ciki irin na fuskarsa a ranar ba.

Ranar rasuwarsa da keken na taho, ina gudu kada sallar jana'iza ta wuce ni. A wani gangare garken shanu ya tare hanya. Na matsa birki, keken ya tsaya cak, taku biyu tsakanina da ƙahon bijimi. Na iso ana daidaita sahu.

Allah Ya jiƙan Baba Sani, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Inna Kulu da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Sirinjin yana nan rataye a rumfar, ban karɓo ba.