Kifin da Likita Ya Sumbata

Kawuna Blunka ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa baƙi a kwale-kwale a kogin Nushagak, kuma bai taɓa yarda cewa suna da cikakken hankali ba. Mutum zai bar gidansa, ya hau jirgin sama uku, na ƙarshen mai sauka kan ruwa, ya sa wandon roba har ƙirji, sauro ya ci rabonsa a wuyansa, ya kama kifin salmon da ƙyar, sannan ya zare ƙugiya ya mai da shi ruwa. Hutunsu ke nan.

Haka dokar masaukin da yake wa aiki take: a kama, a ɗauki hoto, a saki. A wajenmu kuwa kifi ne ke ba da kansa ga mutum. Wanda ya mai da kyauta ya yi rashin kunya, kuma kifin zai je ya kai ƙara wajen danginsa. Matar Kawu, Matrona, ba ta gajiya da tuna masa.

"Sannu da zuwa, mai wasa da abinci," in ji ta duk yamma. "Yau nawa ka wulaƙanta?"

Sai Kawu ya samo dabara. Kifin da ya shiga jirginsa yakan yi saurin galabaita. Ya duba shi, ya girgiza kai, ya ce wannan ko an sake shi ba zai kai labari ba. Washegari a gan shi rataye a rumfar bandar Matrona. Da abin ya yi yawa, Darlene mai masaukin ta ce in kifi ya sake mutuwa a hannunsa, ya ajiye mata makullin inji. Ga shi babu wani aikin bazara a ƙauyen, kuma daga wannan aikin kuɗin man da suke ɗumama gida da hunturu yake fitowa.

A wannan shekarar na dawo daga Oregon, bayan shekara takwas ina karatun kifi, abin da har yau ke ba ƙauyenmu dariya.

"Shigo jirgi, Malam," Kawu ya ce da ni. "Ka gaya wa kifin abin da littafi ya ce a kansu."

Baƙon ranar wani likitan haƙori ne daga Texas, Pruitt. Farkon watan Yuni ne, kuma ba wanda ya kama babban salmon ɗin da muke kira sarki tukuna. Na farkon shekara ba na mutum ɗaya ba ne. Yanka shi ake yi a raba, a fara da wanda ya fi kowa tsufa. A shekarar tsohuwa Okalena ce, kullum tana zaune bakin taga tana jira.

Wajen hantsi sandar kamun kifin likita ta lanƙwashe. Ya fi rabin awa yana ja yana ihu. Da Kawu ya ɗago kifin sai na ga fuskarsa ta canja. Sarki ne, mai ƙiba, yana ƙyalli, lafiyarsa ƙalau. Babu ƙaryar da za ta ɗauke shi.

"Kawu, ka tuna hunturu," na ce da yarenmu.

"Na tuna. Rufe baki."

Ya zare ƙugiyar a hankali, ya miƙa wa likita, na ɗauki hoto. Na tabbata da abin ya tsaya nan, da kifin ya koma ruwa. Amma likita ya turo baki ya manna wa kifin sumba a goshi.

"Sai wata shekara, 'yar kyakkyawa," ya ce.

Kawu ya dube ni. "Namiji ne ma," ya ce. Ya karɓi kifin kamar zai sake shi, ya jawo kulkinsa daga ƙarƙashin benci, ya ba shi ɗaya a daidai inda aka sumbata.

"Me ka yi haka?" Likita ya yi tsalle har jirgin ya karkata.

"Na rufa masa asiri, Likita. Da wace fuska zai koma cikin 'yan'uwansa?"

Kafin rana ta karkata makullin yana hannun Darlene, kan kifin kuma yana tukunyar Okalena. Gida goma sha huɗu suka sami yanka. Matrona ta zuba wa Kawu romo sau biyu. Hunturun nan itace suka ƙona, shi ya saro shi da kansa, yana yi yana zagin Texas.

Yanzu taru yake sawa a kogin, can ƙasa da masaukin. In jirgin baƙi ya wuce yakan ɗaga musu hannu da fara'a. Jiya ya ciro wani kifi mai tabon ƙugiya a leɓe, ya juya shi, ya miƙo mini.

"Ga ɗan'uwanka," ya ce. "An kama shi, an yi masa hoto, an sako shi, kamar yadda aka yi maka a Oregon. Ɗauko wuƙa mu gani ko ka iya wani abu."