Fasasshen Mariƙin Sandar Baba

Da na sayo 'yar firintar da ke ƙera abubuwa da narkakkiyar roba, Baba ko kallonta bai yi ba. Tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe ya daina shiri da inji.

Rannan na tashi yi wa sandarsa sabon mariƙi. Firintar ba ta cika cikin abu dam, ramuka take bari, sai na fitar da gwaji biyu: ɗaya cikinsa kamar saƙar zuma, ɗaya layi a kan layi. Baba ya taka kowanne da dunduniya. Na farkon ko gezau, na biyun kuwa ya dare gida biyu.

Haushi ya kama ni, zan yi jifa da shi, sai Baba ya karɓe. Ya ɗaga shi wajen haske, yana bin layukan da farce.

"Ai haka zare yake kwanciya a injinmu," in ji shi. "Ashe har yanzu ana yi."

Mai ƙwarin na sa wa sandar. Fasasshen kuwa, duk ranar wanki sai Mama ta ciro shi daga aljihun rigarsa.