Sun daure man babur sannan sunce baida karfi

Gaisuwa ga manyan kasa, Gusau har Tsahe da Bungudu, masu data da masu leken wayar mutane. Sarkin Gudu na gaisheku!

Yau nakai babur dina gareji a Gusau, wurin naurar auna karfin inji. Sunka daureshi da igiya bisa wata gangar karfe, taya na juyawa, shina ta kuka baya zuwa ko ina.

Bakanike ya dubi kwamfuta yacce, "Malam, injin markaden gidanmu yafi wanga karfi."

Gaban Sale dan Bungudu hwa, wanda zamuyi tsere ran Jumaa! Harda faduwa Sale yayi dan dariya.

Nacce ma bakanike, "Oga, kai in anka daureka kana iya gudu?"

Jamaa ku aiko man da fetur galan guda, titi zai rabamu.