Fizen Idi Meteyo da Irin Geronmu

Duk wanda ya san Idi Meteyo ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya dubi sama. Ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya lashi yatsa ya miƙa wa iska, sannan ya ce, "Lahiya lau, amma ba a tambayi sama ba tukuna." Ni taubashiyarsa ce, saboda haka ina da izinin tona masa asiri ko yana kabari.

A ƙuruciyarsa ya yi gadi a ofishin masu duba yanayi a birni, wato meteyo, inda ake sakin balan-balan da na'ura. Can wani ya nuna masa hoton roka, wadda shi yake kira fize, da ake harbawa ta wuce inda balan-balan ke fashewa, ta auno iska da zafi, ta sauko da laima. Shi ke nan! Ya dawo ƙauyenmu kusa da Kona da wannan ciwo, bai kuwa warke ba.

Abin da ya sa haukarsa ta shafe ni shi ne iri. Bayan rasuwar mijina, irin geron gidanmu, na kakanninmu, a rumbun Idi yake. Abin da ya rage na shuka sau ɗaya ne tak. In ya ƙone a ƙasa, ba mu da wani.

Fizensa na farko bututun famfon keke ne, da albarushin maharba, da ma'aunin zafin da ya roƙo a likita ya ɗaure da zare. Gari ya taru. Ya kunna, abu ya ce fuuu, ya ƙi sama, ya bi ƙasa ya shige tsakanin ƙafafun jakin Liman. Jaki bai tsaya ba sai bayan gari.

Na ce, "To Meteyo, mi sama ta ce?"

Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ke jahila! Bincike daga ƙasa aka faro shi. Yau mun san iskar da ke wajen gwiwar jaki."

Da zaɓe ya zo, wani ɗan takarar kujerar meri, wato magajin gari, ya ji labari, ya zo har ƙofar gida ya rantse zai gina wa Idi filin harba fize, irin wanda babu ko a Mayahi. Ya ci zaɓe, ya aiko da allo mai rubutun Faransanci aka kafa a saura. Allon nan ne kaɗai ya taɓa tashi sama a filin, ran da guguwa ta zo. Idi ya bi shi da kallo ya ce, "Ko ba komi, gwamnati ta riga ni."

Sai shekarar da ruwa ya zo da wuri. Gari ya fita da sungumi, kowa na shuka. Na je karɓar iri, na tarar Idi ya ɗauke tsanin rumbu ya zauna a kai.

"Ba ni irina!"

"Sai an tambayi sama."

"Ga ƙasa nan ta jiƙe, makaho ne kai?"

"Ƙasa ta sha yi mamu ƙarya, Hajo."

Ya fito da sabon fize, wannan da laimar tsohon zanen matarsa. Wallahi ya tashi! Ya yi ta tafiya har ya ɓace mana, muka sake baki. Na ce to madalla, sauko da iri. Ya ce ai ɗan aike bai dawo ba, wa ke aiki kafin amsa?

Na yi zagi, na yi kuka, na kai ƙara wajen maigari. Gonakin mutane suka yi kore, tawa tana nan fayau kamar kan Idi. Ban taɓa jin haushin ɗan Adam irin na lokacin ba. Sai ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe, tsiron gari ya ƙone ƙurmus, masu yi mana dariya suka daina.

Ana cikin haka wani makiyayi daga wajen Issawane ya biyo da awaki, riƙe da bututu baƙi ƙirin. Ya ce a daji ya tsince shi, yana ta ɗaure akuya da shi, sai aka ce masa na wani mahaukacin garin nan ne. Ma'aunin ya farfashe, laima kuwa akuya ta cinye. Idi ya karɓa, ya shinshina, ya ce, "Gobe a yi shuka." Da la'asar hadari ya haɗo. Sa'a ce tsagwaronta, na faɗa masa, na kuma sake faɗa. Ya ba ni rabona, nasa kuwa ya rabar wa waɗanda suka yi masa dariya, tafi-tafi, har ya kusa rasa na gonarsa.

A gona na tsare shi. "Tsakaninka da Allah, mi ka gani cikin bututun nan?"

Ya ce, "Toka. Ina yaro na ga babana ya zuba irinmu duka a ruwan farko, ya ƙone. Shekarar muka binne ƙannena biyu. Tsoro nike ji, Hajo. Fize dai ya fi tsoro daɗin faɗi."

Bana da rani ya rasu. Jiya ruwan farko ya sauka, na tsaya bakin rumbu da ƙwaryar iri, na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame, babu mai hana ni. Allah ya jiƙanka, Idi, ya yafe maka, ya ajiye ka inda ba a tsoron ruwa ya ɗauke. Amin.