Baitin Nagode

A ƙaramar majami'ar ma'aikatan dam da ke Talata Mafara, kowa ya san muryar Nagode ta fi jikinta girma. 'Yar firit ce, amma in ta ɗaga waƙa har kwanon rufi sai ya amsa. Mijinta Ɗanasabe magini ne, aikin dam ɗin Bakolori ya kawo su daga ƙasar Zuru da ɗiya ɗaya tal, Asabe.

Ƙyanda ta ɗauke yarinyar a daminarsu ta biyu. Lokacin Kiristocin wurin ba su da maƙabarta, sai wani manomi, Malam Bawa, ya ji tausayinsu ya ba su gefen gonarsa can wajen Maradun, gindin wata tsamiya. Kowace safiyar Ista, bikin tashin Almasihu, Nagode kan je ta share kabarin ta yi waƙa. Da aka gama dam aka tare ruwa, gona da tsamiya duk suka nutse.

A shekarar da aka tare ruwan, wata sabuwar waƙar tashin matattu ta shigo a kaset, mai ganga da tafi, tana cewa ƙasa za ta buɗe ta saki 'ya'yanta. Majami'u suka kama ta kamar wutar daji. Nagode ke bayarwa, mata na amsawa suna rawa, ita kuwa zuciyarta na ƙuna, don tata ɗiyar ba ƙasa kaɗai ta rufe ta ba.

Ta kai kukanta wurin Fasto Balarabe. Ya buɗe Littafi ya nuna mata inda aka ce teku ma za ta ba da matattun da ke cikinta.

"Baba, teku Allah yay yi ta," in ji Nagode. "Wannan kuwa mijina na yag gina shi."

Fasto ya ce ikon Allah bai san bambanci ba. Ta yi godiya, ta koma gida ta ƙara wa waƙar baiti nata, mai roƙon ruwan dam ya saki abin da ya danne. Lahadi biyu aka yi shi. Ta uku shugabar mawaƙa ta ce baitin yana kashe rawa, aka cire.

Da Ista ta zagayo, Nagode ta roƙi wani masunci, Zubairu, ya kai ta kan kabarin a kwalekwale. Suka yi ta kewaya har rana ta take. Ko reshen tsamiyar babu.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ruwa duk ɗaya na, ban gane wurin ba."

Ta ce ya tsaya nan ɗin. Ta duƙa ta kaɗe ciyayin da ke yawo a kan ruwa da hannu, yadda takan share kabari, ta rera baitinta ita kaɗai, babu mai amshi. Sannan ta ce ya matsa gaba kaɗan su sake, ko ba nan ba ne.